Shayin da Na Ƙi Sha a Zangon Baba Agali

Cikin duk shekarun da na yi ina yi wa dabbobi allura a ƙasar Dakoro, akwai yini guda da har gobe in na tuna shi sai zuciyata ta tafasa. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, gara ku ji labarin daga bakina.

Lokacin ina malamin dabbobi a wata ƙungiya mai kula da lafiyar bisashe. Kowace shekara, in an gama kwashe amfanin gona, sai a fita rigakafi. Ana raba mu ekip-ekip, wato rukuni-rukuni, kowace da shef ɗinta, wato shugabanta, da masu allura, da direba. Maganin yana tafiya cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, kuma da zarar an haɗa shi da ruwansa dole a yi aiki da shi nan take, in ya jima ya lalace. Shi ya sa ake isa zango tun jajibere, a shirya da babban wurin, don da safe a tarar da dabbobi tare a bakin shingen ƙarfe.

A da ni ƙato ne, ba ƙaramin ƙato ba. Aikinmu kuwa aikin ci ne. Kowane zango nono da cuku da nama, sannan shayi zagaye bayan zagaye, sukari har yana kama leɓe. In mun dawo gari in zarce wurin mai balangu. Wata rana ina hawa shinge jiri ya ɗebe ni, na faɗo tsakanin ƙafafun shanu. Likita ya auna ni ya ce ciwon sukari ne da hawan jini, in ban rage jiki ba, in zaɓi wanda zan fara rasawa, ido ko ƙafa.

Watannin farko na sha wuya. Na ɗauki abin kamar ɗauri aka yi mini. In na bi ta tasha na ji ƙamshin nama, sai in isa gida ina faɗa da kowa. A hankali na koyi tambayar kaina kafin in miƙa hannu: yunwa ce wannan ko kwaɗayi? Na lura yunwa tana jira, kwaɗayi ne mai gaggawa, kuma in na sha ruwa na tashi na taka, wucewa yake. Jikina ya fara sauka, har na kai wanduna wurin tela. Amma ban faɗa wa kowa ciwona ba, sai in ce ciki ne ke damuna. Mutum guda ya sani a wurin aiki, shi ne shef ɗinmu Laminu, don shi ya ba ni izinin zuwa likita. Da can abokin cina ne, kuma tun da na daina raka shi wurin mai nama ya mai da ni abin ba'a.

A wannan shekara aka tura ekip ɗinmu wajen Tagriss, zangon wani dattijo, Baba Agali, wanda duk masu shayarwa a rijiyar wurin ke jin maganarsa. Mutanensa sun daɗe ba su yarda da allura ba. Na yi shekaru ina zuwa, ina duba musu raƙumi ko saniya mai ciwo, kafin suka saki jiki.

Mun isa bayan azahar. Kafin la'asar an yanka rago. Na ɗauki tsoka kaɗan na ci, na ture kitsen gefe. Da aka zuba shayi, Baba Agali da kansa ya miƙo mini kofin farko. Na dafa ƙirji na ce na gode, na ƙoshi. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam Haruna, ka rame, kuma ba ka sha ba. Lafiya dai?"

Kafin in buɗe baki Laminu ya riga ni, bakinsa cike da nama.

"Ƙyale shi, Baba. Ya waye yanzu. Ya ce abincin daji akwai ƙazanta, ƙyama yake ji."

Ya yi dariya, direba ya taya shi. Na ce ƙarya ce, wasa yake yi, amma muryata ba ta fita da ƙarfi ba, don in na musa sai na faɗi dalili, ni kuwa ba na son faɗa a gaban mutane. Baba Agali ya karɓe kofin. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya zubar da shayin a ƙasa, ya tashi.

Da safe muka je shinge muka tarar da shi wayam. Ko akuya guda babu. Tun kafin rana ta fito an kora komai daji. Laminu kuwa, don gaggawar a gama a koma gari, ya riga ya sa an haɗa kwalaben farko. Muna tsaye muna kallon magani yana mutuwa.

Sai ya juyo kaina, a gaban kowa.

"Ka ga abin da tsirfarka ta jawo? Kofin shayi guda zai kashe ka? Tafi yanzu ka zauna gabansa, ka sha shayinsa, ka ci kitsensa har ya huce. Ba roƙo nake ba, umurni ne."

Na ce, "Shef, ka san abin da likita ya ce."

"Likita ba shi ke biyanka ba."

Ban taɓa jin ina son marin mutum kamar a lokacin ba. Shi ya ƙaga ƙaryar, shi ya zubar da amanar da na yi shekaru ina ginawa, kuma yanzu jikina ne zai biya. Amma ina tafe zuwa rijiya sai na kama wani abu a raina da ya ƙara mini fushi. Wani sashe na zuciyata murna yake. Yana ce mini, to ga dalili ya samu, ba laifinka ba ne, aiki ne ya sa, sha abinka. Har miyau ya taru a bakina. Nan na gane kwaɗayin nan ba ya zuwa da sunansa. Yau ya zo da sunan umurnin shef, gobe zai zo da sunan kunyar mai gida, jibi da sunan biki. Na tsaya cak na ce wa kaina, ba hana ni aka yi ba, ni ne ba na so, kuma ba zan ƙara ɓoye dalili ba.

Na iske Baba Agali zaune ƙarƙashin adua kusa da rijiya. Na yi sallama ya amsa a taƙaice. Na durƙusa na ce, "Baba, na ci abincinka shekara da shekaru, ka taɓa ganin ƙyama a fuskata? Ciwon sukari gare ni. Likita ya ce shayin nan zai iya cinye mini ido ko ƙafa. Wancan mutumin, shef ɗinmu, ya sani, ya faɗi abin da ya faɗa don a yi dariya."

Na zaci zai sauko nan da nan. Ina, fushinsa ma ƙaruwa ya yi.

"Kai kake buɗe bakin raƙumina ka faɗa mini ciwonsa, amma naka ka ɓoye mini? Da ka faɗa tun kuna saukowa daga mota, wa zai miƙa maka abin da zai cuce ka? Ka bar ni na kwana ina tunanin yaya matana suka wanke ƙwarya."

 Sannan ya sa aka kawo buta da gawayi. Ya dafa shayi da hannunsa, bai sa sukari ko ƙwaya ba. Ya zuba mini, ya zuba wa kansa. Ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce wannan ba shayi ba ne, azaba ce, amma ya shanye.

Ya aika aka juyo da dabbobin da ba su yi nisa ba, bisa sharaɗi guda: Laminu ba zai taɓa ko jelar tunkiya ba. Haka Laminu ya yini cikin mota yana cika yana batsewa, mu muna aiki da abin da ya rage na magani. Amma garke biyu sun riga sun nausa arewa, ba a same su ba. Bayan watanni na ji annobar awaki ta faɗa wa ɗaya daga cikinsu, na wata bazawara ce mai marayu. Ba zan rantse cewa allurarmu za ta tsare su duka ba, amma don ita aka yi ta, kuma wasan mutum guda ya hana su samu.

Da muka dawo Dakoro, Laminu ya gaya wa manya cewa taurin kaina ne ya jawo asarar magani. Na shiga buro, wato ofishinmu, na faɗi komai tiryan-tiryan, har da ciwona, da ƙarfi yadda na waje ma suka ji. Aka ce mu yi haƙuri da juna, aka sauya mini ekip. Laminu kuwa ba a ce masa komai ba, kuma har na aje aiki bai taɓa cewa in yafe masa ba.

Tun daga ranar, duk zangon da na sauka, kafin a kama rago nake cewa, "Ina da sukari, nama kaɗan, shayi ba zaƙi." Ba makiyayin da ya taɓa jin haushi. Wasu ma sukan ja ni gefe su ce suna yawan fitsari da ƙishirwa, ina za su je a auna su. Masu ba'a duk a buro suke, masu takarda irina.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikinmu ƙwaryar da aka miƙo muku tana cikin aiki kamar yadda sirinji yake, don da ita mutanen nan suke auna ko kun ɗauke su mutane. In ba za ku iya ci ba, ku faɗi dalili da bakinku, da wuri, kafin wani ya faɗa muku nasa. Kuma in Allah ya sa wata rana kun zama shef, wani na ƙasa da ku ya ba ku sirrin jikinsa, ku tuna ba don ku ba mutane dariya ya ba ku ba.