Direban Katafila a Bakin Kwatar Nima

Kwana shida ke nan da ruwa ya shiga ɗakinsu da ke bakin kwata, kuma har yanzu Jannatu in ta ga hadari sai gabanta ya faɗi. Yau ma ya haɗu, ga katafilar da ke yashe babbar kwata ta tsaya cik.

Direban dattijo ne siriri, idanunsa jajaye, da tawul a wuya. Ƙaramin allon gefen kujerarsa yana ta ƙara yana nuna jar alama. Ya danne maɓallai biyu tare, allon ya bar shafin aiki ya koma na makanikai, lambobi zalla. Yana kwafe su a tafin hannu da biro. Da alama bai yi boko ba, injin ne ya koya masa.

"Masta, ka gaji ne?" in ji wata mai koko.

"Hajiya, ni tun jiya na gaji. Yau katafilar ce ta gaji. Man injin ya yi zafi, makanike sai gobe. In ta ƙone, aikina ya tafi."

Ya dubi hadarin, ya dubi gidajen bakin kwata, har da na su Jannatu. Sannan ya mayar da allon shafin aiki, ya zaɓi gudu mafi ƙanƙanta. Bokitin katafilar ya sake nutsewa cikin laka.