Barcin Rana a Jikin Injin Walda

Shekarun baya, tun tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ni da abokina muna da rumfa a Yelwa, kusa da inda jiragen masunta ke tsayawa. Ni ne mai walda. Shi kuma aikinsa wanke injinan jirgi da fetur, ya sirka fenti da tinna ya fesa musu. In an kawo soyayyen kifi, a kwanon fetur ɗin nan muke ɗauraye hannu, mu goge a wando, mu yi bismillah.

Ina da wata ɗabi'a a lokacin. Bayan azahar, in akwai wuta, sai in shimfiɗa buhu in jingina ƙeyata da injin walda, in bar shi a kunne. Gurnanin nan nasa, zuuuu, ya fi mini katifar gwamna. Shekara goma sha bakwai ina haka. Abokina kuwa a bakin ƙofa yake zama, yana cewa munsharina na korar kifi har Shanga.

Sai ciwon kai ya sa shi gaba. Kullum da safe, har da amai. Muka ce zazzaɓi ne, muka ce rana ce, Innarsa ta ce sammu ne. Ran nan na miƙa masa sifana, ya kai hannu ya cafki iska, sifanar na nan gefe. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga idonsa, na rufe.

Ni na raka shi babban asibiti a Sakkwato. Aka ce za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Wata ma'aikaciya ta ce ya cire agogo da makullai da duk wani ƙarfe, don na'urar wani ƙaton maganaɗisu ce. Hoto ya fito. Likita ya nuna mana wani abu kamar ƙwallon goriba, ya ce ƙari ne, sai an yi aiki.

Sannan ya ɗauko biro. "Malam, mece ce sana'arka?"

Abokina ya faɗa. Likita ya tambayi irin ruwan da yake taɓawa, ko rumfar na da taga, ko yana rufe hanci. Ya tambaya ko yana zama kusa da manyan injinan lantarki, don suna fitar da ƙarfin maganaɗisu.

Abokina ya nuna ni da leɓe. "Wanga shi ka kwana bisa nai."

Likita ya cire tabarau ya dube ni. Wallahi na ji ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa.

Na ce, "Likita, tsaya. Maganaɗisun ne ke kawo abin?"

Ya ce masu bincike sun daɗe a kai. Wasu sun ga alama, musamman inda ya haɗu da sinadarai, wasu sun duba ba su ga komai ba. Ba a tabbatar ba.

"To fetur da tinna ne?"

"Ba zan rantse ba. Amma ba abin wanke hannu ba ne."

"To ni da na mayar da injin matashin kai lafiyata lau, shi da ke bakin ƙofa shi ya kamu. Kuma yanzun nan kun zura kansa cikin maganaɗisun da ya fi motar haya girma don ku ga ciwon. Shi wannan na kirki ne, nawa ne ɗan iska?"

Ya yi dariya, ya ce ba iri ɗaya ba ne, ya yi bayani mai tsawo. Na gyaɗa kai sau ɗari, ban fito da ko ɗaya ba.

Na koma Yelwa in jira ranar aikin, kaina a dagule. Mu masu gyara mun san in ka goga ƙusa a jikin maganaɗisu, ita ma sai ta fara jan 'yan'uwanta. To kan da aka goga shekara sha bakwai fa? Na shiga ɗaki na ɗauko allurar maiɗakina, na manna a goshi. Ta maƙale! Na yi salati da ƙarfi har kaji suka watse. Maiɗakina ta shigo da gudu, ta dube ni, ta sa gefen zani ta share mini goshi, ta mayar da allurar. Allura ta faɗi ƙasa.

"Malam, gumi ne. Ba ni allurata."

Ban yarda ba. Na gwada ƙugiyar kamun kifi, na gwada cokali. Mako biyu ban kunna injin ba. Masunta na zuwa da karyayyun farfela ina cewa hannuna ke ciwo. In bar sana'ar, me za mu ci? In ci gaba, me nake dafawa a cikin kaina? Ko sauro ya cije ni a kunne sai in ce shi ke nan, ya fara.

Aka yi wa abokina aiki, Allah ya tashi kafaɗunsa, sai dai idon hagu bai dawo daidai ba. Ranar da ya fara magana sosai, abin da ya ce mini shi ne, "Kai, an ce ka rufe rumfa. In kan ya bar ka, yunwa za ta bar ka?"

Na buɗe. Na fasa bango na yi taga biyu, na tura injin can ƙurya, na sayi sabulu da safar hannu. Kwanon fetur ya koma na ƙarafa kaɗai.

Har yau ban san abin da ya kama abokina ba, ban kuma san abin da ya ƙyale ni ba. Na dai koyi cewa ba sai an tabbatar mini da abu zan matsa daga gare shi ba. Buhuna ya koma gindin darbejiya, sai dai shirun wajen ya hana ni barci, na yi wata guda ina juyi kamar kifi a tudu.

Abokina yanzu raga yake sayarwa, hularsa na rufe tabon. Bayan azahar yakan zo ya zauna daidai kaina, ya dube ni da idon nan mai kyau ya ce, "Rufe ido, tsohon banza." Sai ya kama: zuuuu, zuuuu.

Bai kai injin daɗi ba. Amma ban taɓa jin lokacin da yake dainawa ba.