Matar da Ba Ta Wuce Wata Uku

Kafin ta ajiye jaka take faɗin ranar da za ta ɗauke ta. Duk gidan da aka kira ta jinyar tsoho ko mara lafiya haka take yi: ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta dubi gado, ta dubi taga, ta shaƙi iskar ɗakin don ta san irin aikin da ke jiranta, sannan ta juyo ta ce wa masu gida, "Wata uku zan yi muku. In sun cika, ku nemi madadina." Tun ana roƙonta har aka gaji aka bari. Da haka aka laƙaba mata Wata-Uku, ita kuma ta amsa, don ba ta ga ƙarya a ciki ba.

Hannunta kuwa ba a magana. Ƙaton namijin da ƙarfi ya ƙare masa, ita kaɗai take juya shi a kan gado bai ce wash ba. Da gwiwar hannu take gwada ruwan wanka. Ta san yadda ake shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado ba tare da ta tattare ta ci bayan mutum ba, ta san yadda ake murƙushe ƙwayar magani a cokali a ɓoye ta cikin ayaba. Ba a taɓa jin wanda ya yi gyambon kwanciya a hannunta ba. Abu ɗaya ne Allah bai ba ta ba, ɗuwawun zama. Ko mara lafiya ya yi barci, sai ka gan ta tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke, ko tana goge teburin da babu ƙura a kansa. Jakarta kullum tana ƙarƙashin gado, zif a rufe, kamar ta mai jiran mota. Ƙaninta, wanda take sauka a ɗakin bayan gidansa tsakanin aiki da aiki, yakan ce Yaya ta ci ƙafar kare. Ita kuma ta ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

Ba haka aka haife ta ba. Tana da ƙuruciyarta ciwo ya kwantar da mijinta. Likita ya ce kwana kaɗan ne, dangi suka ce kwana kaɗan ne, kwana kaɗan ɗin nan ya cinye mata duk shekarun da mata ke haihuwa a cikinsu. Da ya rasu, abin da ta fita da shi daga auren shi ne iya jinya, sai ta mayar da shi sana'a. Gidan da ta fara aiki na wani tsohon direba ne, mai barkwanci, mai son a yi masa aski da reza sabuwa. Ta zauna da shi har ranar da ya cika, kansa a tafin hannunta. Masu ta'aziyya suka yi ta wuce ta suna neman 'ya'yan mamaci. Ba wanda ya ce mata sannu da haƙuri, don a ganinsu me ta rasa in ban da aiki? Washegari babban ɗan ya yi mata godiya mai kyau, ya ce baƙi za su kwana a ɗakin da take kwana. A cikin mota ta yi kukanta, tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani mai barci, tana jin kunyar kukan don ba ta san da wace hujja take yinsa ba.

Tun daga ranar ta yanka wa kanta wa'adi. Wata uku sun isa a gyara wa mutum kwanciya, a koya wa mutanen gida abin da ya kamata, amma ba su isa zuciya ta yi saiwa ba. In aka matsa mata da tambaya takan ce, "Sabo turken wawa ne, ni kuwa na bar wauta."

Ana nan sai aka kira ta gidan wata tsohuwar tela da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Gida ne ƙarami, ɗaki biyu da falo, daga tsohuwar sai 'yarta mai aikin ofis, wadda ke fita da safe waya a kunne, ta dawo da yamma waya a kunne. Wata-Uku ta tsaya a bakin ƙofa ta rera karatunta kamar kullum. Kafin 'yar ta amsa, murya ta taso daga kan gado, a karkace amma da kaifi.

"Wa ya ce miki zan bar ki ki kai wata uku? Matso in gani. Wane makaho ne ya yi miki kalmasar rigar nan?"

Ciwo ya ɗauke wa tsohuwa hannu da ƙafa, amma bai taɓa bakinta ba. Shayi ya yi zafi, shayi ya huce, matashi ya yi tudu, matashi ya yi kwari. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne kai-kawon mai jinyarta. Wata rana da hantsi ta buga gefen gado da hannunta mai lafiya.

"Ke! Kin ishe ni da safa da marwa, har jiri nake ji. Yaye zanen can."

A lungun ɗakin akwai keken ɗinki irin na ƙafa, an lulluɓe shi tun ranar da ciwo ya zo.

"Mama, ni ban iya ɗinki ba."

"Ai na ga alama a jikinki. Zauna."

Ta zauna a ɗofane. Tsohuwa ta sa aka jingina ta da matasai, ta zama ido, Wata-Uku ta zama hannu. "Kar ki ja yadin, bar shi ya tafi da kansa. Taka a hankali, ba kunama kike kashewa ba." Abin mamaki, ƙafafun nan da suka hana ta sakat shekara da shekaru sai suka sami abin yi. Suna takawa, ita kuma tana zaune wuri ɗaya. Rigar matashi ta farko ta fito kamar buhu, tsohuwa ta yi dariya har sai da aka goge mata baki. Ta biyu ta yi dama-dama. Daga nan suka shiga labule. A tsakanin ƙarar keke tsohuwa ta ba ta labarin amaren da ta yi wa ɗinki, da waɗanda suka ƙara ƙiba kafin biki suka ɗora mata laifi. Ita ma Wata-Uku, da ba ta ba kowa labarinta, ta tsinci bakinta yana zancen mijinta.

Wata safiya ta durƙusa za ta ɗauki ɗankwali a jaka, ta ji jakar fayau. Kayanta suna cikin durowa, a ninke, gefe ɗaya da na tsohuwa. Ita ta zuba su da hannunta, kaɗan-kaɗan, ba ta san ta yi ba.

Ba a yi kwana biyu ba 'yar tsohuwa ta tare ta a falo, tana saka takalmi, makulli a hannu.

"Yaya, na duba, yarjejeniyarmu ranar Laraba mai zuwa za ta yi isfaya."

Kalmar ba baƙuwarta ba ce, a jikin kwalin magani ta san ta. "Isfaya kuma, Anti? Ni maganin tari ce?"

'Yar ta yi dariya. "Haka ake cewa da Turanci ga duk abin da aka yanka wa wa'adi. Haya, fasfo, lasin, kwantiragi. Ba wanda ya soke shi, ba wanda ya kori wani. Ranar ce kawai ke zuwa, ya ƙare da kansa." Ta rataya jaka. "Kar ki damu, na riga na samo wadda za ta karɓe ki. An gaya min ko sama da ƙasa za su haɗu ba kya ƙara kwana ɗaya, shi ya sa ban wahalar da ke da roƙo ba."

Ta fita, ta bar Wata-Uku a tsaye da tire a hannu. Ai abin da take so game da tsarin nata ke nan tun farko: ba a kore ka ba, ba ka gudu ba, ba wanda zai ce wani ya ci amanar wani. Ranar ce ke yin yankan, kowa ya wanke hannunsa. Yau kuwa da aka faɗa mata shi ƙarara, sai ta ji ɗacinsa. Kuma ba ta da wanda za ta yi fushi da shi. Baki shi ke yanka wuya, bakin kuwa nata ne.

Makon nan ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta bar madara ta ƙone. Ta wanke zanen gadon da ta wanke jiya. Ta riga ta karɓi wani aiki a can ƙarshen gari, wani dattijo da ya karye a ƙugu, duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai ta kife ta. Ta yi ta kewaya maganar kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"Anti, ita sabuwar ta iya juya mutum kuwa?"

"A asibiti ta yi aiki, Yaya."

"Asibiti daban, gida daban."

"Za ta saba."

Shi ke nan, magana ta mutu. Kalma huɗu ce kacal, a ƙara min lokaci, amma ta maƙale mata. Matar da ta juya wa masu kuka baya a gidaje da yawa, da wane ido za ta roƙa?

Tsohuwa kuwa ta daina tsokana. A ba ta shayi ta sha, a juya ta ta juyu, ba yabo ba fallasa. Wannan shirun ya fi zagin ciwo. Da Wata-Uku ta jawo kujera gaban keke, sai ta ce, "Rufe shi. Ba na fara abin da ba za a gama ba."

Ranar Laraba 'yar ba ta je ofis ba. Sabuwar ta iso da hantsi, matashiya mai ladabi, farce a yanke, kai a ɗaure. Wata-Uku ta dube ta sama da ƙasa tana neman aibu, Allah bai ba ta ba. Ta shiga yi mata bayani. Matashi biyu a bayan wuya, ɗaya a ƙarƙashin hannun da ya shanye. In ta ce ta ƙoshi, saura cokali uku. In ta zage ki, lafiya ƙalau take, in ta yi shiru ki duba ta. Ta faɗa ta maimaita, har 'yar ta fara duban agogo. Daga ƙarshe dai ta tsaya a gefen gado da jakarta.

"Mama, zan tafi. A yafe ni."

Tsohuwa tana fuskantar bango. "Allah ya kiyaye hanya. Ki ja ƙofar."

A bakin titi rana ta take. Wani makanike yana kwance ƙarƙashin mota yana faɗa da wanda ba a gani, mai shagon gefe yana yayyafa ruwa a ƙofarsa. Mota ta tsaya, kwandasta ya miƙo hannu zai karɓi jaka, ta girgiza kai. Wata motar ta zo, ta wuce. Ta sauya jakar daga wannan kafaɗa zuwa waccan, ta taka zuwa gindin fitilar titi ta dawo. Ba ta yaudari kanta ba. Ta ga yadda ƙafafun tsohuwa suka fara kumbura, ta ji yadda numfashinta ke sarƙewa in ta yi dogon zance, kuma ta san ma'anar wannan fiye da 'yar da ta haifa. In ta hau mota yanzu, wata rana za ta ji labari daga nesa, ta ce Allah ya jiƙanta, ta ci gaba da wankinta. In ta koma, ranar za ta same ta a ɗakin, kuma masu ta'aziyya za su sake wuce ta suna neman 'yar gida. Tsoro take ji, tsoro sosai. Mota ta sake tsayawa a gabanta, ta juya mata baya.

'Yar ce ta buɗe ƙofa. "Yaya, mantuwa kika yi?"

"A'a."

"Kin san na riga na ɗauki yarinyar nan. Ba zan ce mata ta koma ba, kuma ba ni da halin riƙe mutum biyu."

"Ban zo karɓar aikin kowa ba, Anti. Da safe in je gidan da na karɓi sabon aiki, da yamma in dawo nan. Wurin shimfiɗa kawai nake so."

'Yar ta matsa gefe ta ba ta hanya. Sabuwar ta miƙe daga kujera ta fita falo. Tsohuwa ta juyo da kai da ƙyar, ta dubi jakar, ta dubi mai jakar.

"Me kika zo yi?"

"Zama, Mama."

"Har yaushe?"

Wata-Uku ta buɗe baki. Duk rayuwarta ta aiki amsar wannan tambaya tana kan harshenta tun kafin a yi ta. Yau ta laluba ba ta sami komai ba.

"Ban sani ba."

Tsohuwa ta dube ta.

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Zo ki juya ni, wannan gefen ya gaji."