Tsintuwa a Gonar Gyaɗa

A garinmu, Nasarawa Burkullu, ba a tsallake abu a ƙasa. Haka muka tashi. In allura ce ka ɗauka, in ɗankunne ne ka kai wa Inna a yi cigiya, in kuwa guntun ƙarfe ne to na maƙera ne, a haɗa a yi lauje. Yaron da ya ga abu ya wuce, sai an kai ƙararsa wajen uwarsa.

Yayana, wanda nake bi, soja ne. Ana gab da shiga shekara ta dubu biyu aka tura su wata ƙasa can bakin teku inda ake yaƙin basasa. Ya bar matarsa da goyo, ya dawo ya tarar da ɗiyar tana gudu ko'ina cikin gida. Sunan Inna ta ci, don haka "uwata" yake ce mata. Kai, ban taɓa ganin shaƙuwa irin tasu ba! Duk abin da ta tsinta shi take kai wa: ɗan dutse, murfin kwalba, gashin zabo. Yana karɓa, yana godiya. Amma na lura sai ya fara duban hannunta kafin ya dubi fuskarta.

Ya ajiye aikin soja, ya dawo gida ba ko ƙwarzane a jikinsa. Sai dai in za shi gona, ba ya bin ko'ina sai inda shanu suka taka, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da kuɗinsa. Inna ta ce iska ce ya kwaso a dajin mutane. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, ya sha wanda za a sha. Samari suna kwaikwayon tafiyarsa a bayan idonsa. Ni kam na sha jifansu da takalmi.

Ranar da abin ya faru, roron gyaɗa muka je, wato tonon 'yar wadda ta rage a ƙasa bayan an cire. Mata da yara ne cike da gonar, hantsi ya ɗaga. Yaya ya kawo mana ruwa a jarka, ya tsaya a bakin gona. Sai ga ɗiyar nan ta sheƙo da gudu, ta ɗaga wani ɗan gwangwani ruwan ɗorawa, tana cewa, "Baba, ga tsintuwa!"

Ihun da ya yi, har gobe ina jinsa a kunnena. Ya yi tsalle ya doke gwangwanin daga hannunta, ya kayar da ita, ya kwanta a kanta da dukan nauyinsa. Muka tsaya sororo. Ba abin da ya faru. Gwangwanin maganin shanu ne da makiyaya suka yar. Da muka ɗaga Yaya daga kanta, hannunta na dama ya karye a ƙarƙashinsa.

An kai ta wajen maɗori, hannun ya kama, amma a karkace. Dangin uwarta suka zo daga Gummi suka ce ba su barin ɗiyarsu da jikarsu wajen mai taɓin hankali. Na wanke su tas, ni da bakina ba ya kwana da magana. To amma me zan ce musu? Ga hannu nan a ɗaure da kara. Shi kuma da aka tambaye shi dalili, sai ya ce a yi haƙuri kawai. Aure ya mutu. Yakan je Gummi da ƙuli-ƙuli da 'yar atamfa, yarinyar tana hango shi sai ta shige bayan uwarta. Ya dawo ya zauna a zaure, ranar ko tuwo ba ya ci.

Shekaru suka ja. Wata la'asar na zo ganin gida, ina surfe kusa da zaure, maza suna gindin dalbejiya da rediyo. Ana ba da labarin ƙasashe suna taro a Turai kan ko za a haramta wani makami da ake kira bam mai 'ya'ya. Gardama ta kaure. Kawunmu, wanda ba a yin zance ya yi shiru, ya ce, "Ji mini Turawa! Su sunka ƙera, su sunka sayar, yanzu kuma a hana. Bindiga ba ta kisa? Soja in abokan gaba sunka cika mishi daji, da mi zai kore su, da gora? Kai soja, ko ƙarya nika yi?"

Na ɗauka Yaya zai tashi ya bar wurin kamar kullum. Sai na ji muryarsa.

"Kawu, ba ka yi ƙarya ba. Guda ake jefowa daga sama, ya buɗe, 'ya'yan su watsu su rufe wuri ya fi gonarka faɗi. Duk wanda aka ritsa da shi a daji zai yi fatan a jefa don shi, ba ni musu. Amma ba duka ke fashewa ba. Sauran kwanciya suke yi cikin ciyawa, kamar gwangwanin madara. Mun je wani ƙauye bayan yaƙi ya wuce, mutane sun komo suna gyaran gonar rogo. Su ma irinmu ne, Kawu, ba su tsallake ƙarfe. Wata yarinya ta tsinci guda, ta rugo za ta nuna wa uwarta. Ina tsaye kamar nan da masallaci. Ban san wa ya jefa shi ba. Mu muka tattara ta a zanen uwar."

Rediyo na ta surutunsa. Ni na saki taɓarya na zauna a ƙasa ina kuka. Shekara nawa muna banka masa hayaƙi, bawan Allah!

Kwana biyu ban yi ba na hau mota sai Gummi. Na zauna gaban uwar yarinyar da kakarta na zayyana musu kaf, ban yi faɗa ba, abin da ya ba kowa mamaki. Suka yarda ta zo ta yi mana sallah.

Ta zo ta zama 'yar budurwa, doguwa kamar shi. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi. Ya ce, "Uwata, matso mana." Ta ɗan matso. Ya sa hannu aljihu zai ciro mata turaren da ya saya, sai carbinsa ya biyo ya faɗi dab da ƙafarta.

Ko ɗan wa aka samu a garinmu, da tuni ya ɗauka ya miƙa da hannu biyu. Ita sai ta mai da hannayenta baya, mai lafiyar da karkataccen, ta riƙe su gam, tana kallon carbin.

Inna ta ce, "Ke, ɗauko ma ubanki mana!"

Ba ta motsa ba. Hawaye kawai ke zuba.

Yaya ya ce, "Ƙyale ta, Inna. Ni na koya mata."

Ya sunkuya ya ɗauki carbinsa da kansa.