Kiɗan da Rakiya Ta Rubuta a Liwan

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar ƙanwata Rakiya, amma har yau in na tuna zamanmu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, tsoro ne yake fara zuwa min kafin kewa.

Ni ɗan kasuwa ne, ina tura kaya Kano ta filin jirgin saman Baiyun. Ita kuwa karatun kiɗa ya kai ta, irin wanda ake rubutawa a takarda, makaɗa da yawa su zauna su kaɗa tare. Malaminta wani tsoho ne a unguwar Liwan, ba ya wasa. Sai ta kawo aikin wata guda ya soke rabi, ya ce ta daina kwaikwayon Turawa, ta rubuta abin da kunnenta ya taso da shi. Daga nan ta fara saka muryar goge da kukuma a kiɗanta.

Rakiya tana da sikila. Shekarar wasannin Olamfik sabunta biza ya yi wuya, abokaina na Maraɗi da Kumasi suna ta tattarawa suna komawa gida. Tawa ma ta kusa ƙarewa. Kullum tunanina, in na tafi ciwon ya tashi, wa zai ɗauke ta?

Ya kuwa tashi, ana cikin gwajin kiɗanta na farko. Aka kira ni, na tarar da ita a ƙasa ta dunƙule, leɓɓanta sun yi fari. Duk kantin maganin da na shiga “meiyo” ake ce min, wato babu. A asibiti na ce, “Rakiya, ya isa haka. Zan yanki tikiti mu koma.”

Ta ce, “Yaya, a Kano ma ciwon nan zai same ni. A can wa zai kaɗa min abin da na rubuta?”

Na fasa yankan tikitin. Da ƙyar bizata ta fito, muka zauna. Ranar da aka kaɗa kiɗan nata ina can baya, idona a kanta, ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta miƙe, aka tafa mata.

Bayan shekara biyu ciwon ya tafi da ita. Yanzu da yara ke haɗa kiɗa a waya kafin shayi ya huce, nakan ce ko me za ta ce? Ina jin dariya za ta yi, ta karɓi wayar ta gyara musu.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba. Amma bara wata ɗaliba da ba ta taɓa ganinta ba ta nemo ni, tana tambayar yadda ake furta sunanta daidai, don za su kaɗa kiɗanta, ita ce za ta sanar. Na faɗa mata sunan a hankali, ta maimaita.

Allah ya jiƙanki, Rakiya.