Sai-na-gani Mai Jera Haruffa

A shekarar 1963 suka fara haɗuwa, cikin watan uku, lokacin da maɗaba'ar mishan ta sayi injinta na biyu. Malamin Kimiyya yana da shekara ashirin da bakwai, yana koyarwa a makarantar da ke tsallaken titi. Ya rubuta ɗan littafi mai shafi talatin da biyu a kan hujjojin da ke nuna akwai Allah, kuma dattawan ikkilisiya sun yi masa alkawarin in littafin ya fito za su tura shi kwalejin tauhidi. Da aka aiko masa da bugun gwaji don ya duba kurakurai, sai ya tarar a gefen shafi na tara an rubuta da fensir, rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa: "Wannan bai matsu ba."

Ya kwashi takardun ya tsallaka titi rai a ɓace. Ɗakin jera haruffa dogo ne, da tagogi uku can sama, yana warin tawada da kananzir. Akwatunan haruffan dalma suna jere a karkace, kowanne da ƙananan gidaje, kowane harafi da gidansa. A ƙarshen ɗakin ya sami wani siririn mutum, yatsu baƙi ƙirin, fensir maƙale a kunne. Abokan aikinsa suna kiransa Sai-na-gani, don ko cewa aka yi ana ruwa a waje, sai ya leƙa taga.

"Kai ne ka yi mini rubutu a littafi?"

"Ni ne, Malam. Ai a gefe na yi, ban taɓa maka tsakiya ba."

"Mene ne bai matsu ba?"

Sai-na-gani ya jawo shi gaban teburin ƙarfe inda shafi yake ɗaure. Ya ce, "Ka ga, in mun gama jera shafi, sai mu sa shi cikin wannan firam, mu buga 'yan katakai su matse shi. Kafin a ɗauka, ana ɗaga gefe ɗaya kaɗan, a bi layi-layi da yatsa ana dannawa. In harafi ɗaya ya nutse, layin bai matsu ba, kuma kafin ka kai inji zai zube maka a ƙafa. To, a shafi na tara ka ce kowane abu yana da wanda ya yi shi, saboda haka akwai Allah. Na danna, ya nutse. In kowane abu ne, wa ya yi Allah?"

Malam ya sake duban shafin. Ya karanta shafin nan ya fi sau ashirin, amma bai taɓa karanta shi harafi-harafi ba, yadda mai jera haruffa yake yi.

Abin da bai sani ba shi ne, manajan maɗaba'a ya riga ya ga fensirin. Cikin kwana uku dattawa suka zauna. Suka ce mutumin da ke cin abincin mishan ba zai riƙa rubuta rashin bangaskiya a takardar mishan ba, ƙarshen wata ya kama gabansa. Ɗakin da yake kwana na maɗaba'a ne, matarsa kuma tana da ciki wata bakwai. Ba a gayyaci Malam zaman ba, amma ya ƙwanƙwasa ya shiga. Ya ajiye shafin a gabansu ya ce, "Ba shi ya yi kuskure ba, ni na yi. Hujjar a kwance take. In za a kori wani, sai wanda ya rubuta." Aka bar Sai-na-gani a kan aikinsa. Aka janye littafin, kwalejin kuwa wani aka tura, don dattawa sun ce ba za su aika mutumin da mai jera haruffa ya kayar ba.

Sai-na-gani bai yi godiya ba. Abin da ya ce kawai, da suka haɗu a bakin ƙofa, shi ne, "Malam, in ka gyara, ka kawo in danna."

Daga nan Alhamis ta zama tasu. Ƙarfe huɗu in an tashi, akwai benci a bayan maɗaba'a, da butar shayi da kofunan tasa biyu. Malam ya gyara shafi na tara: ba kowane abu ba, sai duk abin da ya fara, shi ne yake bukatar wanda ya fara shi. Sai-na-gani ya ce, "To, ka tabbata duniya ta fara?" Malam ya yi wata biyu yana kawo mujallun kimiyya, yana bayanin yadda masu nazarin sama suka ga taurari masu nisa suna ta nesanta da juna, wanda ke nuna in aka koma baya akwai mafari.

"Sai na gani."

"Da wane idon? Wannan da ko lambar bas ba ya karantawa?"

"Ka ji kuma. Makon jiya ka ce ido shi ne babbar shaidar gwanintar Mahalicci. In gwani ne ya yi shi, me ya sa sai na sayi tabarau?"

Wata Alhamis a 1971, Malam ya tarar da shi durƙushe a ƙasa. Firam ya suɓuce masa, shafi huɗu sun tarwatse, aikin kwana uku. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, kada ka taɓa! Mu jira mu ga ko za su jera kansu su zama waƙa."

"Malam, ka ji tsoron Allah."

"Wane Allah?"

Har mai kula da inji sai da ya riƙe ciki. Amma Sai-na-gani, yana tsintar haruffa yana mayar da kowanne gidansa, ya ce, "Dalma ba ta haihuwa. Abu mai rai yana haihuwa, wanda ya dace ya tsira ya bar iri. Kai da kanka kake koya wa ɗalibai haka." Malam ya tafi gida da wannan. Bayan mako huɗu ya dawo ya ce ya yarda, amma kafin a jera komai sai an zuba haruffan, kowanne da tsayinsa daidai da na ɗan'uwansa, in ya ɗara da kaurin gashi ba zai bugu ba. Ya yi maganar ƙanƙara da ke yawo a saman ruwa, wadda da nutsewa take yi da tekunan sanyi sun daskare daga ƙasa, da nisan rana, da dokokin da suka tsaya cif a inda rai zai yiwu. Ya ce, "Wa ya zuba dalmar?" Sai-na-gani ya kurɓi shayi. Can ya ce, "Wannan ya ɗan matsu." Iyakar yabon da ya taɓa yi ke nan, kuma Malam ya je gida ya faɗa wa matarsa kamar an ƙara masa girma.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Sai-na-gani ya haifi 'ya'ya biyar, bai mallaki keke ba sai da ya kai arba'in. Matarsa tela ce, ta Malam kuwa nas ce, kowa Nas yake ce mata, ita ta karɓi haihuwar uku daga cikin biyar ɗin. Ranar Lahadi Sai-na-gani yakan zauna a bencin ƙarshe na majami'a, kusa da ƙofa, wai don in wa'azi ya zube ya fita kafin ya faɗo masa a ƙafa. A 1991 aka rufe maɗaba'a, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta karɓe aikin, aka sayar wa masu narka ƙarfe da haruffan. Alhamis ta koma falon Malam wannan mako, na Sai-na-gani mako mai zuwa.

A 1998 Nas ta rasu, bayan jinyar wata goma sha huɗu. Malam ya ga abin da ciwon ya yi mata, ya san sunan kowane magani da ya ƙi aiki. Bayan jana'iza ya rufe ƙofa. Ya zuba littattafansa cikin kwalaye ya ce wa 'yarsa ta ba duk mai so. Ya daina aski, abinci sai an yi da gaske. Da fasto ya zo, Malam ya ce masa, "Hujjojina duka sun kai ni ƙofar wanda ya yi duniya. Babu ko ɗaya da ta ce mini yana da tausayi. Injiniya na samu, ban sami Uba ba." Masu ziyara suka riƙa karanta masa shafuffukan littafinsa. Yakan ba su ruwa, ya raka su ƙofa. 'Yarsa ta fara cewa kada Baba ya bi Mama kafin shekara ta zagayo.

Sai-na-gani bai leƙo ba sai Alhamis ta bakwai. Ya shigo da sandarsa, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Malam, na zo karɓar nasarata. An ce ka sauka."

Malam bai ɗaga kai ba.

"Shekara talatin da biyar ina faɗa maka. Babu kowa a sama. Da akwai, kuma mai kirki ne, da bai bar Nas tana cizon matashi wata goma sha huɗu ba. Bai kamata ba, ko kaɗan bai kamata ba. Dalma ce kawai ta zube. Ita ma Nas haruffa ne suka jeru bisa tsautsayi, suka sake watsewa. Ka daina damun kanka."

Malam ya miƙe zumbur, har kujera ta faɗi. "Kai, rufe mini baki! Nas ce haruffa? Kuma ka saurari kanka! Ka ce bai kamata ba, ka kuma ce tsautsayi ne. Daga ina ka samo kamata a cikin dalmar da ta zube? In babu kowa, da wane ma'auni ka auna ka ce an zalunce ta? Zaɓi ɗaya, ba za ka riƙe biyu ba!"

Ya tsaya yana haki. 'Yarsa tana bakin ƙofar kicin, rabonta da jin muryarsa haka tun kafin jinya.

"Ban ce na koma ba," in ji Malam.

"Ni ma ban ce ka ci ba. Alhamis, a gidana. Kuma ka yi aski, kana tsorata jikokina."

Ranar Talata Malam ya yanke igiyar kwali ɗaya, don akwai littafin da yake bukata. Kowane mako Sai-na-gani yana zuwa da sabuwar ƙaya, duk a kan wahala da mugunta, wato tambayoyin da Malam yake yi wa kansa ne, sai ga su a bakin wani, dole ya tsaya a ɗaya gefen. Wasu ya amsa. Da Sai-na-gani ya tambaye shi me ya sa Nas ce ta sha wannan wahala, ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi ƙarya ya ce ya sani ba, abin da ya sani kawai shi ne wanda yake fushi da shi ɗin an taɓa rataye shi a kan itacen gicciye yana kuka da ƙishirwa. Bayan wata goma sha ɗaya ya shiga majami'a, ya zauna a bencin ƙarshe. Sai-na-gani ya matsa ya ba shi wuri.

Wata Alhamis Malam ya isa gidan Sai-na-gani kafin lokaci. Maigidan ya tafi asibitin ido, matarsa tana kan keken ɗinki. A kan tebur Malam ya ga takardu da manyan haruffa, rubutun mai raunin gani, tambayoyi ne an kwafo daga littattafan jami'a, an sa wa kowace kwanan wata.

"Na surukinmu ne littattafan," in ji matar. "Yakan yi kwana uku da madubin ƙara girma yana nemo maka. Ya ce tsofaffin duk ka cinye su."

"Har yanzu yana nan kan bakansa ke nan."

Ta tsayar da keken ta dube shi ta saman tabarau. "Yaya, da iliminka? Shi? Tun shekarar da aka haifi autarmu ya gama musu. Shi yake tashe ni addu'a kowace safiya."

"Shekara ashirin da biyar ke nan! Me ya hana shi gaya mini?"

"Ya ce in ya faɗa, Alhamis ta mutu. Ranar da ya je gidanka ya faɗi maganar nan a kan Nas, kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, yana kuka kamar yaro. Matar da ta riƙe hannuna sau uku. Na ce me ya kai ka? Ya ce lallashi ba ya tayar da Malam, sai abokin gardama. Ya ce ka taɓa ɗaukar kaye a gaban dattawa don kada a fitar da ni titi da ciki, ka rasa kwaleji ba ka taɓa ambata ba. Shi kuma zai ɗauka maka kowane mako, har iya kwanansa. Don Allah kada ka ce na faɗa."

Sanda ta buga ƙofa. Sai-na-gani ya shigo, ido ɗaya a rufe da auduga.

"A'a, Malam, ka riga ni? Gara da ka zauna, don wadda na zo da ita yau sai an ɗauke ka a kwance."

Malam ya dubi matar. Ta sunkuyar da kai ta taka kekenta.

Ya jawo kujera kusa da tebur, ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sa'an nan ya ce, "Kawo ta."

Shekara shida suka ƙara a haka, har Sai-na-gani ya rasu a watan tara na 2005. A cikinsu bai ci gardama ko ɗaya ba, bai kuma taɓa fasa zuwa ba.