Barbos Ya Ƙare, Akwai Barni

Ka taɓa ƙirga sau nawa kake waiwaye kafin ka gama aiki ɗaya? Ni na ƙirga wa Issoufou, ban samu ko ɗaya ba. Shekara goma sha ɗaya wannan mutumin Damagaram yana zaune a ƙuryar wani shagon dabino a unguwar Ƙurban, yana ware mai tsutsa daga mai kyau. Na taɓa sa masa agogo: ƙwaya saba'in da huɗu a minti ɗaya, idonsa na kan faranti. Abin da ya fi ƙauna a duniya kuwa taku ɗari shida ne, daga shagon zuwa Masallacin Ƙuba, sau biyar a rana.

Sai kafilinsa, wato ubangidansa Abu Sa'id, mai shagon, ya dawo daga wani taron koyon kasuwanci na kwana biyu da sabuwar doka. Duk ma'aikacin da ya kasa faɗin manufar rayuwarsa da Turanci ranar Alhamis, gonar Badr za a tura shi hawan dabino. Badr kuwa ba ta da Ƙuba.

Issoufou ya garzaya wurin maƙwabcinsa Muhsin, ɗalibin jami'a ɗan Zariya.

"Kawu, abu ne mai sauƙi," in ji Muhsin. "Kalma uku ce. Fafos, dalilin da ya fito da kai daga gida. Em, inda ka saita. Fokas, kada ka waiwaya."

"Ustaz, wannan duka ba niyya ba ce?"

"Haba Kawu! Bature ya raba su uku."

"To shi ya sa ba ya gama aiki da wuri."

Minti ashirin Muhsin ya yi yana bayanin fokas. Ina wurin. Sau goma sha huɗu ya duba waya, sau biyu ya tambaya, "Ina ma muka tsaya?" Issoufou ne ke tuna masa. A ƙarshe Issoufou ya haddace amsa: da ya ji fafos, sai ya zuba jimlar da aka ba shi. Ya maimaita ta sau ɗari uku da casbaha.

Abin da Ustaz ya manta shi ne harafin farkon kalmar. Bakin Bahaushe "fa" yake mayar da shi, bakin Balarabe kuwa "ba".

Alhamis ta zo. Abu Sa'id ya jera ma'aikata biyar, ya tsayar da wani alhaji baƙo daga Ingila da ya shigo sayayya, don ya zama shaida. Ya nuna Issoufou da yatsa.

"Ya Issoufou, esh barbos haggak?" Wato, mene ne barbos ɗinka?

Issoufou ya jira fafos, fafos bai zo ba. Barbos? Ya san barhi, ya san barni. Lallai wani sabon irin dabino ne wannan alhajin yake nema, kuma a shagonsu ba a barin baƙo ya fita hannu rabbana.

"Barbos khalas, ya ƙare," in ji shi. "Amma akwai barni."

Kafin kafili ya buɗe baki, ya jawo faranti. Ya tsaga barni ya miƙa wa alhajin, ya bi da safawi, ya rufe da ajwa. Ya ɗaga wata ƙwaya mai sheƙi, ya girgiza kai, ya tsaga ta: ga tsutsa a ciki. Alhaji ya yi kabbara. Abu Sa'id ya kira sunansa sau uku, Issoufou bai waiwaya ba. Kwali tara baƙon ya ɗauka, ya kuma leƙa waje ya kira abokan tafiyarsa shida.

Abu Sa'id ya dubi kwalayen, ya dubi sauran ma'aikata huɗun da suka haddace jimlolinsu tsaf, ya ce, "Hada huwa barbos!" Wato, wannan shi ne barbos. Ba a ƙara zancen Badr ba. Har yau Issoufou yana tambayar direbobin da ke kawo kaya yaushe barbos zai nuna, don ya ce irin nan da alama yana da kasuwa.

Kai ma gwada yau. Zuba dabino a faranti, kife wayarka, ka tsince na minti ɗaya. Ƙirga ƙwayoyin, ka ƙirga waiwayen, ka ga wanne ya fi yawa.